BARAJI RUMBUN RUWA NE: YADDA AKE TSARONSHI

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da kwaruruka. A gundumomin Madawa, Buza da Keita ruwan sama ba shi da yawa. A shekara ana samun milimetir 300 zuwa 500, kuma duka cikin wata uku ko huɗu shike faɗuwa. In hadari ya zuba bisa fako, ƙasa ba ta iya shanye shi. Sai shi gangaro da gudu, shi cika gebe, shi faɗa Magiya ko Tarka ko kwarin Keita. Kwana biyu ya wuce. Ruwan Magiya har Najeriya shike zuwa, tabkin Kalmalo.

In bazara ta kama, sai rijiyoyi su ja baya. Mata su kwana bakin rijiya. Makiyaya su kora bisashe nesa. Garin da ya yi kukan ambaliya a watan Agusta, shi ne ke kukan ƙishirwa a watan Afrilu.

Don haka anka yi dabarar tare ruwa da madatsa, wadda ake ce ma baraji. Baraji rumbun ruwa ne. Manomi ya san rumbu ba shi tsare kanshi. Kowace shekara ana duba shi, ana yaɓe shi, ana korar gara da ɓera. Hakanan baraji shike.

MINE NE BARAJIN ƘASA?

Ana neman wurin da kwari ya matse tsakanin tudu biyu. A nan ake tara ƙasa, a daɓe ta, har ta zama tudu mai tsawo daga wanga gefe zuwa wancan. Wanga tudu shi ne ganuwa. Ruwan da ya gangaro sai shi taru bayanta, shi zama tabki.

Baraji shina da sassa huɗu da ya kamata kowa shi sani:

1. Zuciya. Laka ce mai danƙo a tsakiyar ganuwa. Ita ke hana ruwa wucewa. Ana gina mata rami mai zurfi, har a cimma ƙasa mai tauri, don kada ruwa shi bi ta ƙarƙashi.
2. Gaba. Shi ne gefen da ke kallon ruwa. Ana jera mashi duwatsu don kada igiyar ruwa ta ci ƙasa.
3. Baya. Shi ne gefen da ke kallon gonaki da gari. Shina son ciyawa gajera ko tsakuwa, don kada ruwan sama shi zaizaye shi.
4. Mafita. Hanya ce mai faɗi da anka yi da siminti, ko da duwatsun da anka ɗaure cikin ragar waya. Bakinta bai kai tsawon ganuwa ba. In tabki ya cika, ta nan rarar ruwa ke fita.

Wajen gini ba a zuba ƙasa gaba ɗaya. Ana shimfiɗa ta kaɗan-kaɗan, kaurin santimetir 15 ko 20. A yayyafa ruwa, mota mai nauyi ta daɓe, kana a ƙara wata bisa. Ƙasar da ba ta daɓu ba, ita ce ke fara cin amana ranar da ruwa ya zo.

TARIHIN MADATSUN RUWA A ADAR

A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta gina barajin Ibohaman cikin ƙasar Keita. Ƙasa gare shi anka gyara fili wajen hekta 750, manoma suna noman kaɗa da dawa. An yi wasu ƙanana kamar na Tunfafi kusa da Madawa, da na Kawara da Mulela. Daga baya anka yi na Galmi, da na Mozage da Zango bisa Magiya, masu ba gonakin Ƙonni ruwa. A 1978 anka kafa ma'aikatar ONAHA don kula da irin waɗanga filaye na ban ruwa.

Fari ya yi ɓarna a 1973 da 1974. Ya dawo a 1984. A shekarar nan shugaba Seyni Kunce ya yi kira ga noman rani ko'ina cikin ƙasa. A 1984 ɗin kuma anka fara babban aikin raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO. Hukumar PAM tana ba ma'aikata abinci. Mafi yawan masu aikin mata ne, don maza da yawa sun tafi cin rani. Su sunka ɗauki duwatsu a kai, su sunka gina ramuka a gefen tsaunuka. Daga baya aikin ya kai ƙasar Buza da Abalak. Cikin wajen shekara 20 an gina madatsun ƙasa kamar 40, an dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Inda anka yi su, an ga amfani. Bisashe sun samu wurin sha. Rijiyoyin da ke ƙasa ga baraji sun daɗe da ruwa. In tabki ya ja baya, ana shuka bisa danshi. Garake sun yawaita: albasa, tumatir, kabewa, dankali.

Yanzu furojen Keita ya daɗe da ƙarewa. Motoci da katafila sun tafi. Madatsun sun tsufa, wasu sun shekara 30, wasu 50. Idon da ya rage bisansu kullum shi ne idon mutanen gari.

NAUYIN RUWA

Ruwa abu ne mai laushi, amma nauyi gare shi. Litir 1,000 nauyinshi tan 1 ne, wato buhu 10 na hatsi masu kilo 100.

Ga lissafi. In an yi ruwan milimetir 50 bisa hekta 1, an zuba litir 500,000. Wato tano 2,500 masu cin litir 200. A ce tudun da ke zuba ruwa cikin baraji hekta 1,000 ne, kuma rabin ruwan ya gangaro. Tano 1,250,000 ke nan cikin dare guda. Wanga ruwa bayan ganuwar ƙasa shike taruwa, shina tura ta. Ruwa na ƙara zurfi, turawa na ƙara ƙarfi.

Abu uku ke kashe barajin ƙasa.

NA FARKO: RUWA TA BISA

Ganuwar ƙasa tana iya tare ruwa shekara da shekaru. Abin da ba ta iyawa shi ne ruwa shi hau kanta shi tsallaka. In ya tsallaka, sai shi fara cin bayanta. Ƴar hanya ta zama gebe, gebe shi zama ƙofa. Cikin awa ɗaya ko biyu ganuwa ta tafi.

Mafita ita ce maganin wanga haɗari. Amma wasu suna ganin ruwan da ke fita ta nan hasara ne. Sai su jera buhunan ƙasa ko duwatsu a bakinta, wai tabki shi ƙara cika. Wanga kuskure ne babba. Mai toshe mafita ya tura ruwa bisa ganuwa da hannunshi. Ya so ƙarin ɗan ruwa, ya sa tabkin duka da garin cikin haɗari.

Mafita tana toshewa da kanta kuma. Ruwa na kawo rassa, kara da rairai. Ƙaya na tsirowa. Wani shi yi shingen garka a ciki, don wurin na da danshi. Dole a share ta sarai kafin damana.

Kan ganuwa ma abin dubawa ne. Inda shanu ke hawa kullum, ko inda amalanke ke bi, ƙasa na lotsawa. Wurin da ya fi gajarta, ta nan ruwa zai fara tsallaka. Ya kamata a cike shi da laka, a daɓe.

NA BIYU: RUWA TA CIKI

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya fi ƙadangare iya neman kafa.

Kowane barajin ƙasa shina ɗan tsatsafo. Ana iya ganin danshi a gindin ganuwa ta baya. In ruwan kaɗan ne, garau, kuma ba shi ƙaruwa, a riƙa dubawa kawai. Amma in ya fito da laka ko rairai, maganar ta canza. Ma'anarshi ruwa na kwasar ƙasar ganuwa daga ciki. Kafa kamar ta yatsa za ta zama kamar hannu, ta zama kamar bakin tulu. Daga waje ganuwa tana tsaye lafiya, cikinta kuwa ya zama kogo.

Ga hanyar gwaji mai sauƙi. A ɗebi ruwan tsatsafo cikin kwalba fara, a aje ta awa ɗaya. In laka ta kwanta a gindi, a kai labari ran nan.

Abubuwan da ke buɗe ma ruwa hanya su ne:

Icce. Saiwa tana bin danshi har cikin zuciyar ganuwa. In iccen ya mutu, saiwa ta ruɓe, ta bar rami. In iska ta kada shi, shi tafi da ƙasa. A tsaunuka icce abokin baraji ne, bisa ganuwa kuwa abokin gaba ne. Ƙaramin tsiro a cire shi tun da wuri. Babban icce kada a tumɓuke shi da ka, sai ma'aikata sun zo sun nuna yadda za a cire saiwa a cike ramin.

Gara da dabbobin rami. Suri bisa ganuwa alama ce ta hanyoyi a ciki. Gafiya, kurege da damo su ma suna gina ramuka. A kore su, a tone ramin, a cike da laka mai danshi, a daɓe.

Tsaga. Da rani laka na bushewa ta tsattsage. Tsagar da ta ratsa ganuwa daga gaba zuwa baya ita ta fi muni, don hanya ce miƙaƙƙa ga ruwa. Saboda haka cikar farko bayan dogon rani ita ce lokacin tsoro.

Hannun mutum. Mai ɗibar laka a gindin ganuwa don yin tubali shina rage mata ƙafa. Mai kwashe duwatsun gaba don gina gida ya tuɓe mata riga. Mai yanke wayar da ta ɗaure duwatsu ya kwance mafita. Mai gina rijiya dab da gindi ya gajarta ma ruwa hanya.

NA UKU: RAIRAI DA LAKA

Wanga abokin gaba ba shi da gaggawa. Ruwan da ke saukowa daga fako ja ne, don ƙasa shike ɗauke da ita. In ya shiga tabki ya tsaya, sai ƙasar ta kwanta. Bana taƙi ɗaya, baɗi taƙi ɗaya. Haka ta faru ga barajin Ibohaman. Laka ta cinye babban rabo na cikinshi, ruwan da shike riƙewa ya ragu ƙwarai bisa ga na farko.

Tabkin da ya cushe shina da illa biyu. Da rani shina saurin ƙafewa, don rana da iska suna shan wajen metir 2 na ruwa a shekara. Da damana kuma shina saurin cika, ruwa shi isa mafita da ƙarfi tun hadarin farko.

Yashe tabki da motoci tsada gare shi. Maganin mai sauƙi shina can bisa tudu, inda ruwa ke farawa. Jerin duwatsu a gona, rabin wata, tassa, ramuka a gefen tsauni, ƴan shingayen duwatsu cikin gebe: duka suna rage gudun ruwa, su riƙe ƙasa wurinta. Mutanen Adar sun san wanga aiki. A kwarin Magiya na ƙasar Buza an fara dasa layukan dogon yaro a 1975 don tare iska. A Keita an rufe tsaunuka da itatuwa. Mai saran icce a tudu shina zuba rairai cikin tabkin garinsu, ko da bai sani ba.

ABIN DA YA FARU WASU WURARE

A watan Agusta na 1988 barajin Bagauda, kusa da Kano, ya fashe bayan ruwa mai yawa. An yi hasarar rayuka, gidaje da gonaki.

A watan Satumba na 2023, a garin Darna na ƙasar Libiya, madatsu biyu sunka fashe cikin dare guda. Bisa busasshen kwari anka gina su, irin kwaruruka na Adar. An daɗe da sanin suna da tsaga, ba a gyara ba. Mutum fiye da 4,000 sunka mutu.

A watan Satumba na 2024 barajin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri da dare, mutane na barci. A damanar nan ta 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar.

Waɗanga madatsu sun fi na ƙauye girma nesa. Amma hanyar mutuwarsu guda ce: tsufa, rashin gyara, da ruwa mai yawa a lokaci ɗaya. Ƙaramin baraji ma ya isa shi share unguwa, in tana kan hanyarshi.

AIKIN KOWANE LOKACI

Da rani, in ruwa ya ja baya: a bi ganuwa da ƙafa daga wanga kai zuwa wancan, gaba da baya. A cire tsiro. A cike ramuka da tsaga. A maida duwatsun da sunka zame.

Da bazara, kafin ruwan farko: a yi gayya a share mafita. A ɗaure wayar da ta tsinke. In akwai famfon sakin ruwa, a buɗe shi a rufe, a ga ko shina aiki.

Da damana: a duba baraji bayan kowane babban ruwa, ko da dare ne, da fitila. A karanta ma'aunin ruwa. In babu ma'auni, a kafa ƙarfe a yi mashi zane.

Da kaka: a zauna a yi lissafin abin da ya lalace, a sa ranar gyara.

A nan karatu ke da rana. Wanda ya koyi rubutu a makarantar yaƙi da jahilci shi riƙe littafin baraji. Shi rubuta kwanan wata, tsawon ruwa, da abin da anka gani. Baki na mantuwa, takarda ba ta mantuwa. In ma'aikaci ya zo, littafin zai gaya mashi ko tsatsafo na ƙaruwa.

ALAMUN DA BA A JIRA

1. Ruwa mai laka na fita bayan ganuwa.
2. Tsatsafo na ƙaruwa, ko ƙasa na ɓuɓɓuga kamar tafasa.
3. Ruwan tabki na juyawa wuri guda kusa da ganuwa.
4. Sabuwar tsaga, ko wani gefe ya zame, ko rami ya faɗa.
5. Ruwa ya kusa kai kan ganuwa, kuma hadari bai ɗauke ba.

In an ga ɗaya cikinsu, a fara da mutane. A shaida ma maigari, a yi shela, a buga ganga ko a yi kira da lasifikar masallaci. A fidda yara, tsofaffi da marasa lafiya. A hau tudu ta gefe, kada a bi kwari, don ruwa ya fi doki gudu. A kira garuruwan da ke ƙasa da salula. A kai labari komin, da wurin furefe, da ma'aikatan Jeni Rural. Kada kowa shi tsaya bisa ganuwa kallo. Kada a koma ɗaukar kaya.

Tun da rani ya kamata gari shi san tudun da za a taru, da wanda zai yi shela. Lambobin waya su kasance rubuce a bangon littafin baraji. Kuma kada a gina gida ƙasa ga ganuwa ko a bakin mafita, ko da fili ya yi kyau.

RUWAN BARAJI DA LAFIYA

Ruwan tabki na bisashe ne da ban ruwa. Shanu na shiga ciki, ruwan sama na wanko ƙazantar daji zuwa ciki. Mai shan shi haka shina iya kamuwa da zawo ko kwalara. Ruwan sha mai kyau shina cikin rijiyar da anka gina ƙasa ga baraji, da ɗan nisa, don ƙasa ta tace shi. A yi mata baki da marufi. In dole ta sa a sha na tabki, a tace da ƙyalle mai tsabta, a tafasa, ko a sa maganin tsabtace ruwa yadda likita ya nuna.

Da can kurkunu ya kwantar da manoma da yawa a tsakiyar damana. An yaƙe shi da tace ruwa da gina rijiyoyi, har a 2013 hukumar lafiya ta duniya ta shaida babu shi a Nijar. Tsargiya kuwa tana nan. Ƙwayarta na zama jikin ƴan katantanwa na ruwa, ta shiga fatar mai wanka. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi likita, akwai magani. Kada a yi fitsari ko bayan gida a bakin tabki. Sauro ma na haihuwa a ruwan kwance, sai a riƙa kwana cikin gidan sauro.

Yara ƙanana kada su je tabki su kaɗai. Gindinshi laka ce mai riƙe ƙafa, kuma kusa da ganuwa ya fi zurfi.

BARAJI NA WA NE?

Wasu suna cewa baraji na gwamnati ne, ko na furoje. Amma ran da ya fashe, gonar da za ta tafi ta mutanen gari ce.

Ya kamata kowane baraji shi samu kwamiti. A sa manoma, makiyaya, mata da samari. A ware ma bisashe mashaya da burtali nesa da ganuwa, da sanin kwamitin ƙasa na gari. Hakan na tsare ganuwa, shina hana faɗa tsakanin mai garka da mai garke. A yi asusu. Kowa shi zuba ɗan abu bayan ya saida albasa ko dabba, don sayen waya, siminti da shebur. Babban gyara aikin injiniyoyi ne, amma sai an gaya masu kana su sani.

Hannu ɗaya ba shi ɗaukar jinka. Matan Keita sun ɗauki dutse a kai, cikin rana da yunwa, har sunka tare ruwa. Abin da ya rage ma ƴaƴansu da jikokinsu bai kai wancan wuya ba: a duba, a rubuta, a gyara tun ɓarna tana ƙarama, kafin hadarin farko shi taso.